Ranar da Ban Sauka a Gindin Gawo Ba

Ni ba mutum ne mai saurin yafiya ba, gara in faɗa tun da wuri. Akwai mutum biyu da na daɗe ina riƙe da su a zuciya. Ɗaya surukina ne, ya rasu tuntuni. Ɗayan kuma malamin da ya koya mini aikin jagorar masu yawon keke, ban ma san ƙasar da yake ba yanzu. Ba su taɓa zama sun yi magana da juna ba, amma su biyun ne suka sa ni a tsakiya suka matse.

A farkon shekarun casa'in ina da rumfar gyaran keke a bakin titi, daf da asibitin mishan da ke wajenmu a ƙasar Madawa. Rumfar kara ce, da famfo ɗaya, da kwanon ruwan da nake tsoma shambur, wato robar cikin taya, in nemo huji, da buhun tsofaffin ƙarafa. Masu jinya da ma'aikatan asibiti su ne abokan cinikina. Ba na kwana da yunwa, amma ba wanda zai nuna ni ya ce ga ma'aikaci can.

Matata 'yar wani ƙauye ce a cikin duwatsu, tsakanin Tamaske da Keita. Muna shekara ɗaya da aure ta samu ciki, da ya kai wata bakwai aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta goyon ciki, tunda na fari ne. Ta haifi mace. Na je suna, na yanka ragon da na daɗe ina kiwo, na ga jaririyar sau ɗaya a hannun wata tsohuwa, na dawo ina jiran arba'in. Da kwanakin suka cika na tura baffana ya taho mini da iyalina. Sai ga shi ya dawo shi kaɗai.

Surukin nan nawa Alhaji ne. Ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, ya dawo ya rufe ɗakunansa da kwano, ya zama mai faɗa a ji a ƙauyen. Kakana da kakansa a gindin dutse ɗaya suka riƙa yanka baƙin akuya kafin gidajenmu su kama salla, amma shi na kakana kaɗai yake tunawa. Tun farko bai so auren ba, yarinyar ce da uwarta suka fi ƙarfinsa. Yanzu da 'yarsa ta dawo hannunsa, sai ya samu abin da yake nema.

Baffa ya zauna a bencin rumfata ya share gumi, ya ce, "Alhaji ya ce ɗiyatai ba ta komawa gidan mai liƙin shambur. Ko ka samo aiki mai takarda da hatimi, ko ka tai Abijan awa sauran samari ka dawo da abin nunawa. In ba hakanan ba, tana nan wurinai."

Abijan ba nan kusa ba ne. Wanda ya tafi sai shekara biyu, uku, wani ma sai dai labari. Ni kuwa 'yata nake so in ga ta fara zama da rarrafe a tsakar gidana. Aiki mai takarda kuma, aji shida kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, Faransancina na gaisuwa ne da rigima da jandarma. Na yi sati biyu ina huce haushina a kan tayoyin mutane.

Wanda ya kawo mini labarin aikin abokina ne, wani Kirista da ke gyaran motocin asibitin. Bahaushe ne ɗan garin Buza, tare muke cin tsire a bakin titi, shi ya yi addu'arsa ni in yi bisimillata. Ya ce wani kamfanin yawon buɗe ido na Yamai ya rasa hanya, domin tashin hankalin arewa ya hana kai annasara cikin hamada. Sai mai kamfanin ya yi tunanin ya riƙa kawo su duwatsun Adar lokacin sanyi, su yi ta hawa da gangara a kan keke. Ana neman 'yan ƙasa da suka san hanya. Za a koyar da mutum shida sati uku, a yi jarrabawa, a ɗauki biyu, a ba su takarda da hatimi. Ina jin kalmar hatimi na ajiye sifana, muka je ni da shi muka ba da sunayenmu.

A Keita aka tara mu, a wani fili bayan gari. Kekunan ba irin namu ba ne. Tayoyinsu masu kauri ne da gurza-gurza, giya goma sha takwas, birki kana taɓawa ya kama. Ran farko na yi ta zagaya nawa ina shafawa, na manta da ɓacin raina na ɗan lokaci. Sai malamin ya iso.

Mushe muke kiransa, kamar yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. Baƙin mutum ne kamarmu, a Yamai ya tashi, ya je Faransa ya koyo aikin. Yana jin Hausa sarai, amma sai ya ga dama yake yin ta, kuma in ya yi sai ya riƙa tauna ta kamar tana da tsakuwa. Gajeren wando ne a jikinsa mai kama cinya, da usur, da agogon auna gudu rataye a wuya. Bai tambayi sunan kowa ba. Ya jera mu ya ba mu lamba, ni ne nimaro huɗu, abokina nimaro biyu. Daga nan ya raba mana hular kwano da irin wandonsa, ya ce wanda ba zai sa ba ga hanya nan. Ni da na yi aure har na haihu, na tsaya a fili da gwiwoyi a waje.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya san aikinsa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Shi ya koya mini yadda ake janye jiki baya in ana gangara a kan tsakuwa, da yadda ake sakin birkin gaba kafin kwana. Ya koya mana ƙirga kawunan baƙi a kowace mararraba, da duban leɓen mutum a gane ƙishirwa ta fara cin sa tun bai faɗa ba. Wata nas daga asibitin mishan ta zo kwana biyu ta nuna mana ɗaurin karaya da wankin rauni. A wajen gyara kuwa ba wanda ya kama ƙafata, har shi Mushen. Wata rana ƙaya ta fasa masa taya a daji, abin liƙinsa na Faransa ya ƙare, na yanko tsohon shambur na ɗaure hujin, na cusa ciyawa a tayar muka kai gari. Bai ce sannu ba. Cewa ya yi ba haka ake yi a littafi ba.

Rigimarmu ta gaske a kan gaisuwa ce. Hanyoyin da muke bi cikin gonakin mutane suke ratsawa, da fadamun albasa, da jerin duwatsun da mata suka ɗora don tare ruwa. Ko'ina akwai mutum. Ni kuwa ba zan wuce dattijo yana ban ruwa in yi kamar ban gan shi ba, dole in rage gudu in ce sannu da aiki, in tambayi gida. Duk sanda na yi haka sai usur ya tashi a bayana.

"Nimaro huɗu! Ka zo yawon gaisuwa ne? Jagora yana gaba, mutum takwas na bayansa. Ka tsaya, su faɗo a kanka. Wa zai ɗauki annasara mai karyayyen wuya, kai ko tsohon?"

Na ce, "Mushe, nan ba a wuce mutane hakanan."

Ya ce, "Shi ya sa kuke nan inda kuke."

Na haɗiye. Na haɗiye abubuwa da yawa a satuttukan nan, saboda duk sanda na buɗe baki sai in tuna jaririyar da na gani sau ɗaya.

Ana saura kwana biyar jarrabawa ya shimfiɗa taswira a kan bonet ɗin mota ya nuna mana hanyar. Jarrabawar kashi uku ce. Da gyara, da hawa, sannan gangara, wadda ita ce babba. Kowa zai ja sauran biyar daga saman dutse ya gangaro da su ta wata siririyar hanya, ya ratsa bakin wani ƙauye, ya tsaya a rijiya. Daga sama har rijiya, wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi, ba sauran magana. Na bi yatsansa da ido har inda ya tsaya. Ƙauyen surukina ne. Hanyar kuma ta gindin wani babban gawo take bi, inda Alhaji yake shimfiɗa tabarma shi da abokansa tun hantsi har azahar.

A wajenmu suruki ba ya wuce uban matarsa a kan abin hawa. Ko jaki ne, ko raƙumi, ko keke, tun daga nesa za ka sauka, ka cire takalmi ka riƙe a hannu, ka matso ka durƙusa, idonka a ƙasa. Na san direban babbar mota da yake tsayar da ita cike da albasa ya sauko ya yi haka. Wanda ya wuce a zaune, ya gaya wa duniya ke nan cewa tsohon ba kowa ba ne.

Na bari sauran suka watse, na same shi yana naɗe taswira. Na yi masa bayani da Hausa, na sake yi da guntun Faransancina. Na roƙe shi a canja hanya ta bi bayan gari, ko a yarda in sauka a gindin gawon in gaisa in hau, ya cire mini maki yadda ya ga dama.

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Takardar da zan sa wa hannu cewa za ta yi kai jagora ne. Ba za ta ce kai surukin wani ba ne. In ba za ka iya ba, akwai mutum biyar."

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali. Ranar Lahadi aka sa jarrabawar, kuma Lahadi Alhaji ba ya wuni a gida, kasuwa yake ci a wani gari, sai la'asar yake dawowa. Na ce Allah ya dube ni. Kwana biyu ina fito a kan keke.

Ran Juma'a Mushe ya busa usur ya ce an mayar da jarrabawa Litinin. Abokina da wani Kirista ɗaya da ke cikinmu ne suka roƙa, saboda Lahadi suna sujada, kuma motar da ke ɗaukar mana kekuna ta wani ma'aikacin mishan ce. Nan take ya yarda musu. Ban san sanda na yi jifa da hular kwanon ba. Na ce wato addinin wasu yana da daraja a littafinsa, mutuncin gidana ne ba shi da shafi. Ya ce in ɗauki hular in ba haka ba in ajiye keken. Na ɗauka.

Abokina ya biyo ni yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Wallahi ban sani ba, da ka hwaɗa man da ban roƙa ba." Gaskiyarsa ne, ban gaya masa ba, kunya ta hana. Ya koma wajen Mushe ya ce a mayar Lahadin, shi ya haƙura da sujadar. Mushe ya ce shi ba ɗan aiken kowa ba ne da za a yi ta juya shi. Duk da haka na yi kwana biyu ban yi wa abokin nan magana ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Dabara ta ƙarshe, na aika wa baffa ya je ya shaida wa Alhaji tun da wuri, ya san dole ce aka yi mini. Amsar da ya aiko ita ce, "In tai in ce mai mi? In ce surukinka za shi wuce ka bisa keke da gajeren wando, ka yi haƙuri? Ni ban da wanga baki."

Litinin da safe na yi gyara na fi kowa sauri, na yi hawa ban ja baya ba. Wajen hantsi muka taru a saman dutsen. Mushe ya riga ya sauka da mota yana jiranmu a rijiya da agogonsa. Nimaro ɗaya ya ja mu muka gangara, mota ta maido mu sama, haka na biyu, haka na uku. A zagayen nan uku ba kowa a gindin gawon sai awaki suna tsintar 'ya'yansa. Na fara cewa ko tsohon bai fito ba yau.

Da nawa ya zo na shiga gaba. Gangaren yana da kwana uku, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin taya, ina kiran na baya su bar tazara. Na fito kwana ta uku, ƙauyen ya buɗe a gabana, sai na hango farar riga a gindin gawo. Mutum huɗu ne a kan tabarma, shi ne a tsakiya da carbi. Hayaniyar zagayen farko ce ta fito da su kallo. Gaba kaɗan da su, taku talatin bai fi ba, ga rijiya, ga mata da tuluna, ga Mushe ya ɗaga agogo.

Yatsuna suka kama birki da kansu. Na ji tayar abokina ta matso daf da tawa, na ji ya ce, "Huɗu!" don ya ga ina rage gudu. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ai shi tsohon ne ya ce in kawo takarda, to ga takardar can a bakin rijiya. In na samu zan dawo in durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa. Sai na saki birkin.

Da ma na sunkuyar da kai na wuce kamar ban gan shi ba, da an ce hula ce ta rufe mini ido. Amma jikina bai iya wuce shi shiru ba. Na ɗaga hannu ɗaya daga kan keken, na ce, "Salamu alaikum, Baba!" da ƙarfi, irin yadda ake yi wa aboki a tasha. Da takalmi a ƙafata, da gwiwoyina a waje, kaina ya fi nasa tsawo. Tayar baya ta watsa tsakuwa a bakin tabarmarsa. Ba wanda ya amsa.

Na kai rijiya, Mushe ya danna agogo ya ce, "Da kyau, nimaro huɗu." Ita ce kalmar yabo ta farko da ya taɓa yi mini, kuma da ina da hali da na mayar masa da ita cikin baki. Na yar da keken, na tuɓe takalmi da hula, na ruga da gudu zuwa gawon. Alhaji ya riga ya tashi, ina hango bayansa yana shiga zaure. Saura abokansa uku. Na durƙusa a gabansu ina haki. Ɗaya daga ciki ya tofar da goro gefe, ya ce, "Ka makara, annasara."

Ni da abokina aka ɗauka. Bayan sati ɗaya aka kira mu wani ofis a Keita aka miƙa mana takardun, da hotona a manne da hatimi shuɗi a kansa. Na sa ta a leda, na sa babbar riga, na ɗauki baffa da ƙwaryar goro muka nufi ƙauyen. Tun daga bayan gari na cire takalmi.

Alhaji ya bar mu a zaure har inuwa ta juya, sannan ya fito. Bai dubi inda nake durƙushe ba. Baffa ya miƙa masa takardar, ya karɓa ya juya ta, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya mayar. Ya ce da baffa, "Takarda ta yi kyau, shi aje ta. Amma ni ban da suruki. Wanda niy ba ɗiyata ya san hanyar sabka bisa keke. Wanda yaw wuce ni ran Litinin, ban san ko ɗan wa na ba." Ya tashi ya shige, goron ma bai taɓa ba.

Surukata ce ta yi dabara ta sa matata ta fito ta bayan gida, muka tsaya da dangar kara a tsakaninmu. Jaririyar na goye a bayanta, ƙeyarta kawai nake gani. Na ɗaga mata takardar. Ba ta kalla ba.

Ta ce, "Ina bakin rijiya rannan. Ni da mata duka munka gani."

Na ce, "Shi yac ce in kawo takarda. In na sabka babu takarda."

Ta ce, "Da ka sabka, da na biyo ka da ƙahwa, ko da takarda ko babu. Ina ta lallashinai, ya kusa sakkowa. Yanzu ko ruwa nit tai ɗiba, sai a ce ga matar wanda yaɗ ɗaga ma ubanta hannu. Ka bari zuciyatai ta huce, ka yi ta zakkuwa kana gaishe shi, ko shekara ɗaya ta."

Magana mai kyau ta faɗa. Amma ni sati huɗu ina haɗiye wulaƙanci, na Mushe da na ubanta, kuma duk don ita. Sai ya fito a kan wadda ba ta yi mini komai ba. Na ce, "To zamna da ubanki, shi aure ki." Ta dube ni, ta gyara goyonta ta juya. Baffa ya yi ta zirga-zirga wata uku, ni kuma na ƙi sake taka ƙauyen da ƙafar roƙo. Kafin damina aure ya mutu. Ba ni da uwa a raye da za ta riƙe mini yarinya, sai aka ce ta zauna wajen kakarta har ta yi wayo. Da uwar ta sake aure aka kai ta garin Tama, yarinyar ta ci gaba da zama a gidan Alhaji.

Aikin kuwa na yi shi. Kowane sanyi annasara suna zuwa rukuni biyu ko uku, mu bi da su duwatsu da fadamu kwana biyar. A zuwan farko wata Bafaranshiya ta ga wani mutum ya diro daga jaki ya cire takalmi ya durƙusa wa wani tsoho. Ta tsaya ta yi ta ɗaukar hoto tana cewa ba ta taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Washegari Mushe ya kira ni ya ce daga yau an sa gaisuwar gargajiya a cikin tsarin tafiya. In mun iso gindin gawon nan sai in tsayar da baƙi, in sauka in nuna musu yadda ake yi. Ko murmushin kunya bai yi ba. Na ce masa wandonsa ya fi nawa sauƙin durƙuso, ya je ya yi. Abokina ne ya shiga tsakani ya karɓi wannan ɓangaren, ni kuma duk sanda aka zo ƙauyen sai in koma can baya, in ja hular kwano in rufe fuska. Alhaji da ya ji ƙarar kekuna yake naɗe tabarmarsa.

Akwai wata dokar kamfani da aka ɗora wa na baya. Yara suna bin annasara da gudu suna ihun kado, kado, wato a ba su kyauta, wasu har su kama sirdi. Aikina ne in kore su kafin su kayar da wani. Na iya kuwa, muryata ba ta da daɗi in na ɗaga ta.

A sanyi na huɗu muka gangaro ƙauyen kamar kullum. Yara suka taso daga wajen rijiya suka yanyame wata tsohuwar annasara da ke gabana, kekenta ya fara tangaɗi. Na daka musu tsawa, na ce su watse ko in tattake su, har da zagi na haɗa. Suka tarwatse. Saura wata 'yar ƙarama da ba ta iya gudu sosai ba, da ɗan zane a ƙugu da kitso biyu. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta miƙo hannu. Na ɗaga murya zan sake, sai wata budurwa ta ajiye tulu ta rugo ta kama kafaɗarta. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ke, babanki na."

Na sauka. Baƙin suka yi gaba, ana busa usur daga can, ban waiga ba. Na kwantar da keken a ƙasa, na cire takalmi ban san dalili ba, na durƙusa har tsayinmu ya zo ɗaya. Goshin uwarta ne, amma kunnuwan nawa ne. Na ce mata zo. Ba ta zo ba, ba ta kuma gudu ba. Ta kalli hular kwanon, ta kalli gwiwoyina, ta sake miƙo hannun.

Ta ce, "Annasara, kado."